Aikin Ƴan Sandan Ƙaramin Gari a Amurka: Daga Taron Gari Zuwa Taron Gari

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ayyukan da ofishin ƴan sanda na ƙaramin gari yake yi cikin shekara guda a ƙasar Amurka. An ɗauki jihar Vermont a matsayin misali, saboda jiha ce ta ƙananan garuruwa. Tana arewa maso gabashin ƙasar, kan iyaka da Kanada, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta ba su kai 650,000 ba. Babban birninta ma, wato Montpelier, mutanensa kimanin 8,000 ne, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin manyan biranen jihohin Amurka 50.

Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, a irin waɗannan garuruwa ɗan sanda ma'aikacin gari ne. Mutanen garin ne suke biyansa da harajinsu, su ne suke duba aikinsa sau ɗaya a shekara, kuma suna da ikon ƙara masa kuɗi, ko rage masa, ko ma rufe ofishin baki ɗaya. Wannan dangantaka ita ce take tsara yadda shekararsa take tafiya, ita ce kuma tushen ƙarfinsa da rauninsa.

2.0 Tsarin ƴan sanda a Amurka

A Nijar da Nijeriya, an saba da ƴan sanda na ƙasa, waɗanda ake ɗauka daga sama a tura su inda aka ga dama. Wanda yake son fahimtar tsarin Amurka, sai ya tuna da ƴan doka na zamanin En'e a Arewacin Nijeriya, lokacin da kowace hukumar gargajiya take da nata masu tsaro, kafin a narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966. A Amurka ba a taɓa yin irin wannan haɗewa ba.

Akwai hukumomin tsaron doka kimanin 18,000 a ƙasar, kowace da shugabanta da kasafin kuɗinta. Ana iya kasa su gida huɗu. Na farko su ne na tarayya, irin su FBI, masu kula da laifuffukan da suka shafi dokokin ƙasa baki ɗaya. Na biyu su ne ƴan sandan jiha. Na uku shi ne ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, wanda a mafi yawan wurare zaɓarsa ake yi da ƙuri'a. Irin waɗannan ofisoshi sun kai kimanin 3,000. Na huɗu, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne ofishin ƴan sandan gari ko birni, kimanin 12,000. Birnin New York yana da ƴan sanda fiye da 30,000, amma kusan rabin ofisoshin garuruwa ba su da jami'ai goma.

A Vermont akwai gundumomi 14 da garuruwa kimanin 250. Mafi yawansu ba su da ofishin ƴan sanda nasu. Ƴan sandan jiha ne suke kula da garuruwa kimanin 200. An kafa wannan runduna ta jiha a 1947, bayan ɓatan wata ɗaliba ta kwalejin Bennington a watan Disamba na 1946, abin da ya fito da gazawar tsarin da ake da shi a lokacin wajen gudanar da babban bincike. Wasu garuruwan kuma kwantiragi suke yi da sherif, su biya shi kuɗin sintiri na wasu awoyi a mako. Saboda haka garin da ya kafa ofishinsa, zaɓi ya yi, kuma kowace shekara sai ya sake tabbatar da wannan zaɓi.

3.0 Ofishin da ma'aikatansa

A ƙaramin ofishi akan sami shugaba ɗaya, da saje ɗaya ko biyu, da ƴan sintiri kaɗan, da magatakarda mai kula da takardu. Akan ƙara da jami'an wucin gadi waɗanda suke da wata sana'ar, su zo su cike gurbi idan an buƙace su. Shugaban ba zaman ofis kaɗai yake yi ba. Yakan rubuta kasafin kuɗi da safe, da rana ya shiga mota ya yi sintiri, da dare kuma ya halarci zaman majalisar gari. Sabon jami'i yana samun horo na kusan wata huɗu a makarantar ƴan sanda da ke garin Pittsford, sannan ya yi wasu makonni yana bin gogaggen jami'i kafin a bar shi ya fita shi kaɗai.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da yake bayyana matsalar ƙaramin ofishi. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci yana yin awa 40 a mako. Idan aka raba 168 gida 40, za a ga ana buƙatar fiye da mutum huɗu domin a samu jami'i ɗaya tak a bakin aiki dare da rana. Idan aka cire hutun shekara, da rashin lafiya, da ranakun horo, da zaman kotu, sai adadin ya kai mutum biyar ko shida. Garin da yake son jami'ai biyu a kowane lokaci, sai ya ɗauki goma ko fiye. Wannan ne ya sa wasu ofisoshin sukan rufe a tsakiyar dare zuwa asuba. A waɗannan awoyi, ko dai a tashi jami'in da yake jiran kira a gida, ko a miƙa kiran ga ƴan sandan jiha, waɗanda wani lokaci suna da nisan kilomita masu yawa daga garin.

4.0 Taron gari: mafarin shekara

A Vermont, ranar Talata ta farko a watan Maris ita ce Ranar Taron Gari. Al'ada ce tsohuwa, domin taro na farko a yankin an yi shi ne a Bennington a 1762, tun kafin kafa ƙasar Amurka. A wannan rana masu ƙuri'a sukan hallara a zauren gari ko ɗakin wasanni na makaranta. Sukan zaɓi shugaban taro, su zaɓi majalisar gari mai wakilai uku ko biyar, sannan su yanke hukunci a kan kasafin kuɗi. A wasu garuruwan ana muhawara ne a fili a ɗaga hannu ko a amsa da baki, a wasu kuma, musamman manya, ana jefa ƙuri'a a akwati.

Shirin wannan rana yana farawa tun daga kaka. Shugaban ƴan sanda yakan kai wa majalisa buƙatunsa: albashi, da inshorar lafiya, da man fetur, da kayan sarki, da kuɗin canza motar da ta tsufa. Majalisa takan duba ta rage abin da za ta rage. Doka ta ce a raba wa jama'a rahoton shekara na gari aƙalla kwana goma kafin taro, kuma a cikinsa akwai shafukan ofishin ƴan sanda. Mafi yawan kuɗin da ake magana a kai daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, wato daga aljihun mutanen da suke zaune a zauren. Saboda haka manomi ko tsohuwar malamar makaranta tana iya miƙewa ta tambayi shugaba dalilin sayen sabuwar mota, ko dalilin da ya sa ba a ganin sintiri a hanyar unguwarsu. Dole ya tashi ya amsa. Idan aka ƙi amincewa da kasafin, sai majalisa ta koma ta gyara, a sake kiran jama'a. A mafi yawan garuruwan, kuɗin da aka amince da su suna fara aiki ne daga 1 ga Yuli.

5.0 Zagayowar shekara

Yanayin Vermont ya bambanta da na ƙasar Hausa, saboda haka sunayen lokutan da aka yi amfani da su a nan kwatanci ne kawai.

5.1 Lokacin taɓo (Maris zuwa Mayu)

Bayan taron gari, dusar ƙanƙara takan fara narkewa. Hanyoyin karkara da yawa ba su da kwalta, sai su zama taɓo mai zurfi. Garuruwa sukan kafa alamun hana manyan motoci bin waɗannan hanyoyi, ƴan sanda kuma su tabbatar an bi dokar, su kuma kira motar janwe ga wanda ya maƙale. Ranar 1 ga Afrilu ce ƙarshen wa'adin yi wa karnuka rajista, wadda ba a yi sai an nuna takardar allurar rigakafin haukan kare. A wasu garuruwan, bin sawun waɗanda ba su yi rajista ba yana faɗowa kan ƴan sanda ko jami'in kula da dabbobi.

A watan Afrilu, sannan kuma a Oktoba, akwai ranar karɓar ragowar magunguna, wadda hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta fara a 2010. Mutane sukan kawo ƙwayoyin da suka rage a gida, a karɓa ba tare da tambaya ba, a ƙona. Ranar 15 ga Mayu kuma ranar tunawa ce da jami'an da suka mutu a bakin aiki, wadda Shugaba Kennedy ya ayyana a 1962. A ƙarshen watan akan yi gangamin tilasta ɗaura bel a mota, sau da yawa da tallafin kuɗi daga tarayya domin biyan ƙarin awoyin aiki.

5.2 Lokacin zafi (Yuni zuwa Agusta)

Makarantu sukan rufe, baƙi masu yawon buɗe ido su cika tafkuna da duwatsu, rana kuma ta daɗe ba ta faɗi ba. Ƙorafin hayaniya da gudun mota da tuƙi cikin maye yakan ƙaru. Ranar 4 ga Yuli, bikin samun ƴancin kai, ranar aiki ce ga kowa a ofishin: a rufe hanya domin fareti, a shirya wurin ajiye motoci, a kula da wasan wuta da dare. Ranar Talata ta farko a Agusta, garuruwa da yawa a Amurka sukan yi abin da za a iya kira Daren Fitar Jama'a, wanda aka fara a 1984. Akan gasa nama a fili, yara su hau motar ƴan sanda su kunna jiniya, manya kuma su gana da jami'ai ba tare da wata matsala ta haɗa su ba.

A wannan lokaci ne kuma ambaliya takan auku. A ƙarshen Agusta na 2011 guguwar Irene ta wanke hanyoyi da gadoji, ta raba wasu garuruwa da sauran jihar na kwanaki. A watan Yuli na 2023 kogin Winooski ya cika ya malale tsakiyar Montpelier, har ruwa ya shiga ƙasan ginin ƴan sanda, aka kwashe masu karɓar kira zuwa wani wuri mai tudu. A irin wannan rana, jami'in da ya san gidan da gurgu yake da gidan da tsoho yake zaune shi kaɗai ya fi kowace taswira amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5.3 Kaka (Satumba zuwa Nuwamba)

Da komawar makarantu, ƴan sanda sukan tsaya a mashigar ɗalibai safe da yamma, su kuma sa ido a kan direbobin da suke wuce motar makaranta alhali ta kunna jar wuta tana sauke yara, wanda laifi ne. Akan yi atisayen yadda za a kulle makaranta idan ɗan bindiga ya shigo. Wannan aiki ya ƙara nauyi bayan abin da ya faru a garin Uvalde na jihar Texas ranar 24 ga Mayu, 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, alhali jami'ai kusan 400 daga hukumomi dabam-dabam sun hallara amma aka shafe fiye da awa guda ba a shiga ajin ba. Darasin da ƙananan ofisoshi suka ɗauka shi ne, dole a yi horo tare da maƙwabta, a kuma san wanda zai ba da umurni tun kafin ranar ta zo.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ganyen itatuwa yakan rikiɗe ya zama ja da ruwan ɗorawa, masu kallo su yi cincirindo a ƙananan hanyoyi. Daren 31 ga Oktoba yara sukan yi shigar dodanni su bi gida-gida neman alewa, sai a rufe wasu tituna saboda su. A Nuwamba akan buɗe farautar wata irin barewa ta daji. Akwai jami'an gandun daji masu kula da dokokin farauta, amma ƙorafin shiga gonar wani ba izini da jin ƙarar bindiga kusa da gida yakan fara isa ne ga ƴan sandan gari. A watan ne kuma motoci suka fi yin karo da waɗannan dabbobi.

5.4 Hunturu (Disamba zuwa Fabrairu)

Sanyi yakan sauka ƙasa da awo sifiri ƙwarai, dare ya yi tsawo. Garuruwa da yawa sukan hana kwana da mota a bakin titi domin motocin share ƙanƙara su samu hanya. Hatsarin santsi yakan yawaita. Idan wutar lantarki ta ɗauke, akan buɗe ɗakin ɗumama jiki, jami'ai su zagaya gidajen tsofaffi. Sukan kuma duba gidajen da masu su suka rufe suka tafi kudu gudun sanyi. A Disamba wasu ofisoshin sukan tara gudummawa su kai yaran marasa ƙarfi kanti su saya musu tufafi da kayan wasa. A Janairu kuma shugaba yakan zauna ya haɗa alƙaluman shekarar da ta wuce domin rahoton gari.

6.0 Ayyukan da ba su da lokaci

Akwai ayyukan da ba ruwansu da wata ko yanayi. Mafi yawansu ta lambar gaggawa 911 suke shigowa. Abin lura shi ne, kira na farko a wannan lamba an yi shi ne a wani ƙaramin gari, Haleyville na jihar Alabama, ranar 16 ga Fabrairu, 1968. Mai karɓar kira shi ne yake tantance ko ɗan sanda za a tura, ko ƴan kwana-kwana, ko motar asibiti. A karkara, ɗan sanda yakan riga kowa isa, domin shi ne yake cikin mota yana zagaye, alhali ƴan kwana-kwana galibi masu aikin sa kai ne da sai sun baro gida ko wurin sana'a.

Laifin da ya shafi zubar da jini kaɗan ne a cikin waɗannan kiraye-kiraye. Wani nazari da jaridar New York Times ta buga a 2020 ya nuna cewa ko a manyan wurare irin su New Orleans da Sacramento, kimanin kashi 4 cikin 100 na lokacin ƴan sanda ne yake tafiya a kan irin wannan laifi. Sauran yana tafiya ne a kan harkar motoci, da ƙananan sace-sace, da saɓani, da taimakon mutane. Sai dai akwai abubuwa uku masu wuya da suke maimaituwa.

Na farko shi ne rikicin cikin gida. Yana daga cikin kiraye-kiraye mafi haɗari, domin jami'i yana shiga gidan da rai ya ɓaci, sau da yawa akwai giya da bindiga, kuma shi kaɗai ne. Kotu tana iya ba wanda ake cuta takardar kariya ko da tsakar dare ne, ɗan sanda ne kuma zai kai wa wanda ake ƙara.

Na biyu shi ne miyagun ƙwayoyi. A Janairu 2014 gwamnan Vermont na lokacin, Peter Shumlin, ya keɓe jawabinsa na shekara gaba ɗaya ga matsalar hiroyin da dangoginta. Daga baya fentanil, wadda ta fi ta ƙarfi nesa, ta shigo. Wannan ya canza aikin ɗan sanda. Tun daga 2010, lokacin da ƴan sandan Quincy a jihar Massachusetts suka fara, ofisoshi da yawa sun ba jami'ansu maganin Narcan, wanda ake fesawa a hanci domin farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi. A 2015 ofishin garin Gloucester, a wannan jiha dai, ya sanar da cewa duk mashayin da ya kawo kansa yana neman magani ba za a kama shi ba, za a haɗa shi ne da asibiti. Garuruwa da yawa sun kwaikwayi wannan.

Na uku shi ne taɓin hankali. Idan mutum ya rikice da dare, iyalinsa ƴan sanda suke kira, domin su kaɗai ne a farke. An fara horon musamman a kan haka a birnin Memphis a 1988, kuma a Yuli 2022 aka buɗe lambar 988 domin masu neman taimako a kan damuwa da tunanin kashe kai. Wasu ofisoshin sun ɗauki ma'aikacin jin daɗin jama'a yana fita tare da jami'ai.

Idan an yi kamu, akwai ƙa'idoji. Gyara na huɗu ga tsarin mulkin ƙasar, na 1791, ya hana bincike da kamu ba bisa hujja ba. Hukuncin kotun ƙoli na 1966 a shari'ar Miranda ya wajabta sanar da wanda aka tsare cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya kafin a yi masa tambayoyi. Daga nan sai a miƙa takardu ga lauyan gwamnati na gunduma, wanda shi ma a Vermont zaɓarsa ake yi. Tun daga 1995 jihar take da kwamitocin sulhu na masu aikin sa kai. Mai ƙaramin laifi yakan zauna a gabansu, wani lokaci tare da wanda ya cuta, a amince a kan yadda zai gyara ɓarnar da ya yi.

7.0 Rahoton shekara

Rahoton ofishin yakan fara da wasiƙar shugaba, sannan sunayen waɗanda suka shigo aiki da waɗanda suka bari, da horon da aka yi, da tallafin da aka samu. Sai jadawalin alƙaluma: yawan kira, da haɗurra, da takardun tara, da gargaɗi, da kamu. Wasu daga cikin alƙaluman ana aika su ga FBI, wadda take tattara ƙididdigar laifuffuka ta ƙasa tun 1930, kuma a 2021 ta koma wani tsari mai bayani dalla-dalla a kan kowane lamari.

Karanta waɗannan alƙaluma yana buƙatar hankali. A ƙaramin gari, idan fasa gida ya tashi daga biyu zuwa huɗu, za a ce ya ninka, alhali mai yiwuwa ɓarawo ɗaya ne a mako ɗaya. Ƙaruwar ƙorafin rikicin gida kuma tana iya nufin rikicin ya ƙaru, tana kuma iya nufin mata sun fara amincewa da ofishin har suna kira. Haka nan raguwar takardun tara tana iya nufin direbobi sun shiryu, ko kuma jami'ai biyu ne suka bar aiki. Sannan faɗan da aka kashe tun kafin ya tashi ba ya fitowa a jadawali.

8.0 Matsaloli

8.1 Kusanci

Sanin juna shi ne jarin ɗan sandan ƙaramin gari, amma Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Direban da aka tsayar yana iya zama surukin jami'in, ko ɗan majalisar da zai duba albashinsa. Baƙo ko wanda fatarsa ta bambanta kuwa yakan fi jawo ido. Tun 2014 dokar Vermont ta wajabta rubuta launin fatar duk direban da aka tsayar. Nazarin da Farfesa Stephanie Seguino ta Jami'ar Vermont da abokiyar aikinta Nancy Brooks suka fitar a 2017 ya nuna an fi binciken motocin baƙar fata, alhali an fi samun haramtattun kaya a motocin farar fata da aka bincika.

8.2 Kuɗin tara

Idan gari ya dogara da tara domin cike kasafinsa, ɗan sanda yakan koma mai karɓar haraji. Ƙauyen New Rome na jihar Ohio yana da mutum kimanin 60 da ƴan sanda 14, waɗanda aikinsu shi ne tare masu wucewa. Kotu ta rushe hukumar ƙauyen a 2004. A Ferguson ta jihar Missouri, mai mutum kimanin 21,000, wani ɗan sanda ya harbe matashi Michael Brown ranar 9 ga Agusta, 2014, aka yi ta zanga-zanga. Rahoton ma'aikatar shari'a ta tarayya na Maris 2015 ya gano cewa hukumomin garin suna matsa wa ƴan sanda su tara kuɗi, har ana sa ran fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga daga tara, kuma nauyin ya fi faɗawa kan baƙar fata. A wannan shekara jihar ta rage yawan kuɗin da gari zai iya riƙewa daga tarar motoci.

8.3 Ƙarancin ma'aikata

Ƙaramin gari yakan kashe kuɗi ya horar da jami'i, bayan shekara biyu ko uku babban birni ya ɗauke shi da albashi mai tsoka. A Agusta 2023, a garin Goodhue na jihar Minnesota, mai mutum dubu da ƴan kai, shugaban ƴan sanda da dukkan jami'ansa suka ajiye aiki. Shugaban ya bayyana cewa da dala 22 a awa ba a samun mai neman aikin. Garin ya miƙa tsaronsa ga sherif na gunduma. Irin wannan tambaya, wato ko a riƙe ofishi, ko a haɗa da maƙwabta, ko a yi kwantiragi, tana yawan tasowa a tarukan gari.

9.0 Kammalawa

An ga yadda shekarar ɗan sandan ƙaramin gari take bin yanayi da bukukuwa da kalandar makaranta, da yadda mafi yawan aikinsa hidima ce ga mutanen da ya sani. An kuma ga cewa tsarin da ya ba gari ikon mallakar ofishinsa yana haifar da jami'in da ya san kowane gida, yana kuma iya haifar da son kai, da kwaɗayin tara, da ofishin da ba zai iya riƙe ma'aikata ba. Abin da yake bambanta gari da gari shi ne inda kuɗin ofishin suke fitowa, da ko jama'a suna karanta rahoton da aka raba musu, da ko dukkan mazauna garin suna da baki a zauren. Idan Talatar farko ta Maris ta zagayo, shugaban ƴan sanda zai sake tsayawa gaban maƙwabtansa da alƙalumansa a hannu, su kuma su yanke ko za su biya kuɗin wata shekarar.